Yadda Ake Nazarin Saye-saye da Tsoron Mutuwa a Ƙagaggun Labaran Amurka na Bayan-zamani

Ɗalibin da aka ba aikin nazarin littafi irin White Noise ko American Psycho yakan kai shafin ƙarshe da jimla guda a hannu, wai marubucin yana sukar son abin duniya. Ba ƙarya ya yi ba, sai dai ko wanda bai wuce bayan bangon littafin ba zai iya faɗin haka. Abin da ake nema wurin manazarci shi ne ya nuna a wane babi, bayan faruwar me, kuma da wace irin jimla marubuci ya ƙulla sayayya da tsoro. A waɗannan littattafai tauraro ba ya shiga kanti haka siddan. Kusan kullum akwai abin da ya kaɗa masa hanji kafin ya ɗauki kwandon sayayya, kuma gano wannan abin shi ne rabin aikin.

Adabin bayan-zamani da ake magana a kai shi ne wanda ya yi tashe a Amurka daga shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1990. Marubutansa suna wasa da zubin labari, ba su yarda akwai murya ɗaya mai riƙe da gaskiya ba, kuma suna kwaso harshen talla da talabijin da takardun ofis su zuba a cikin labari ba tare da neman afuwa ba.

Da wane littafi za a fara

Ka fara da White Noise na Don DeLillo, wanda ya fito a 1985 ya kuma ci kyautar National Book Award a shekarar. Shafinsa 300 ne da ɗoriya, babi 40, kashi 3, kuma jigogi uku, wato saye-saye da sauya kama da mutuwa, suna fili a cikinsa. Babban tauraron, Jack Gladney, shugaban sashen nazarin Hitler ne a wata ƙaramar kwaleji. Shi da matarsa Babette kowanne yana ɓoye wa ɗan'uwansa girman tsoron mutuwar da ke cinsa. Kashi na farko babi 20 ne na rayuwar gida da kanti da talabijin. Kashi na biyu babi guda ne tal, na 21, mai shafi sama da 50, inda tankar jirgin ƙasa ta fashe, hayaƙin guba ya kori mutanen gari. Na uku kuma labarin wata ƙwaya ce mai suna Dylar, wadda aka ce tana kashe tsoron mutuwa.

Bayan shi sai The Crying of Lot 49 na Thomas Pynchon, na 1966, gajere ne amma mai tauri. Fight Club na Chuck Palahniuk, na 1996, yana karantuwa da sauri. American Psycho na Bret Easton Ellis, na 1991, yana bukatar gargaɗi, domin akwai babobin kisa da azabtar da mata da aka zayyana dalla-dalla, har kamfanin Simon & Schuster ya janye daga buga shi a ƙarshen 1990, kamfanin Vintage ya karɓa. Infinite Jest na David Foster Wallace shafi 1,079 ne da bayanan ƙarshe 388. Ka bar shi sai ƙafarka ta zauna.

Karatun farko da na biyu

Karatun farko na jin labari ne. Kada ka riƙe fensir, kada ka buɗe sharhin kowa. In ka fara da sharhi, idon mai sharhin za ka ara, kuma da wuya ka mayar masa.

A karatu na biyu ne aiki yake. Ka tanadi kwafin da za ka iya yi wa rubutu, da fensir, da alama uku da ba za ka rikita ba. Misali, S a gefen shafi duk inda aka sayi wani abu, ko aka lissafa kaya, ko aka ambaci sunan kamfani. K duk inda tauraro ya sauya suna ko sutura ko murya, ko aka ɗauke shi a matsayin wani. M duk inda mutuwa ta leƙo, ko da ta bakin likita ne, ko labarin haɗarin jirgi a talabijin, ko shafin sanarwar rasuwa a jarida. Kada ka tsaya fassara komai tukuna. In ka gama, ka bi littafin da sauri kana duba gefen shafi kawai. Wuraren da haruffa biyu ko uku suka haɗu a shafi ɗaya, ko suka biyo juna cikin shafi 2 zuwa 3, nan ne za ka kafa nazarinka. A White Noise za ka same su da yawa fiye da bukatarka, don haka ka zaɓi kamar 8 zuwa 10 ka shigar a jadawali.

Jadawalin gurbi huɗu gare shi: abin da ya faru kafin sayayyar, abin da aka saya, yadda tauraro ya ce ya ji, da tsawon lokacin da jin ya ɗauka kafin ya gushe. Gurbi na farko da na ƙarshe su ne masu amfani, kuma su ɗalibai suka fi bari fayau.

Ɗauki babi na 17. Jack ya haɗu da wani abokin aikinsa a shagon kayan gini, ba ya sanye da baƙar rigar malanta da baƙin tabarau da ya saba sa wa a kwaleji. Mutumin ya dube shi ya ce ashe shi wani ƙaton dattijo ne kawai marar cutarwa, wanda ba a bambanta shi da kowa. Nan take Jack ya ji sha'awar sayayya ta taso masa. Ya kwashi iyalinsa suka bi rukunin kantuna hawa-hawa, yana saye ba lissafi, yana jin ƙimarsa tana ƙaruwa da kowane kuɗin da ya kashe. To duba ƙarshen babin. Sun koma gida a mota ba mai magana, kowa ya shige ɗakinsa. A jadawalinka gurbin farko zai ce an tuɓe masa kwarjini an tuna masa tsufa, gurbin ƙarshe kuma zai ce jin daɗin bai kai ƙofar gida ba. Da wannan layi guda ka riga ka fi wanda ya rubuta shafi biyu kan illar son abin duniya.

Haka za ka yi da ƙarshen babi na 10, inda Jack ya duba ajiyarsa a na'urar ATM, lissafin na'ura ya dace da nasa, sai ya ji kamar an sa wa rayuwarsa albarka. Ka ajiye wannan kusa da babi na 21, inda wata na'urar ce kuma ta karɓi bayanansa bayan ya shaƙi gubar Nyodene D na minti biyu da rabi yana zuba wa mota mai. Jami'in da ke gaban kwamfutar ya ce gubar tana shekara 30 a jiki, kuma sai nan da shekara 15 za a ƙara sanin wani abu. Irin tsarin da ya tabbatar masa yana da kuɗi shi ne ya sanar da shi yana ɗauke da ajalinsa. Marubucin bai ce maka ka haɗa wuraren biyu ba, akwai shafuka masu yawa tsakaninsu, alamun gefen shafi ne za su haɗa maka su.

Kada ka manta da kishiyar sayayya. A kashi na uku Jack ya koma zubar da kaya, yana kwashe tsofaffin tarkace daga gida, har ya kai ga tona matsattsen sharar gidan yana neman ƙwayar Dylar. Zubarwar ma ka sa mata S, domin damuwa ɗaya ce ta sauya hanya.

Wa ke furta sunayen kamfanoni

Wannan tambaya ce ƙarama mai buɗe ƙofa babba. Duk inda sunan haja ya fito, ka tambayi kanka bakin wa ya fito.

A White Noise akan ga sunaye uku a jere sun tsaya su kaɗai a matsayin sakin layi, kamar MasterCard, Visa, American Express, ba tare da an ce wane ne ya faɗa ba. Za ka iya cewa tunanin Jack ne, ko talabijin ce daga wani ɗaki, ko marubucin ne ya kutso. Manazarta ba su daidaita ba, kai ma ba dole ne ka yanke hukunci ba. Abin da ya wajaba shi ne ka duba jimlar da ta gabaci jerin, domin sau da yawa maganar mutuwa ce. Akwai kuma wurin da 'yarsa Steffie take barci a sansanin gudun hijira tana ta maimaita wasu kalmomi, Jack ya matsa ya kasa kunne, sai ya ji Toyota Celica take cewa. Mai gaggawa zai rubuta cewa talla ta ɓata ƙwaƙwalwar yara ya wuce. Amma Jack ya ce sautin ya ratsa shi kamar wani abu mai tsarki. Dole nazarinka ya ɗauki abu biyun tare, ba'ar da kuma gaskiyar cewa mutumin ya sami sauƙi a wurin.

A American Psycho babu shakka a kan mai magana, Patrick Bateman ne, ma'aikacin wani kamfanin hada-hadar kuɗi a Wall Street. Duk wanda ya shigo ɗaki, sai ya lissafa kayan jikinsa daga kwat zuwa takalmi da sunan wanda ya ɗinka. Gwajin da za ka yi mai sauƙi ne: zaɓi shafi guda na cin abinci a gidan abinci, ka ƙirga kalmomin da aka kashe wa sutura, ka ƙirga waɗanda aka kashe wa fuska ko hali. Tazarar ita ce hujjarka. Sannan ka kwatanta muryar da yake bayanin man shafawa ko faifan waƙa da muryar da yake bayanin kisa. Ba ta sauyawa, kuma gajiyar da mai karatu ke ji da jerin kayan da gangan aka ɗora masa ita.

Wallace ya bi wata hanya. A Infinite Jest gwamnati ta sayar wa kamfanoni sunayen shekaru, kowace shekara tana ɗauke da sunan haja maimakon lamba, kuma yawancin labarin yana faruwa ne a shekarar da ke ɗauke da sunan ƙunzugun manya na Depend. A nan haja ta shiga kalanda kanta, kuma hajar da aka zaɓa ta tsufa ce da gazawar jiki.

Suna, sutura da fuska

Alamar K tana bukatar haƙuri. Ka buɗe shafi daban ka rubuta duk sunan da aka kira tauraro da shi, da wanda ya kira shi. Jack ya ƙara wa sunansa harafin da ba nasa ba ya zama J. A. K. Gladney bisa shawarar shugaban kwalejin, an kuma ce ya ƙara ƙiba don ya cika kujerar. Shi ya ƙirƙiro sashen nazarin Hitler a 1968, amma bai iya Jamusanci ba, yana koyo a ɓoye. Bateman kuwa abokan aikinsa suna yawan kiransa da sunan wani, Marcus Halberstam, shi ma yana rikita su, domin duk kwat ɗaya suke sawa, aski ɗaya, tabarau ɗaya. Shi ya sa gasar katin suna da suka yi a kan teburin abinci, inda bambancin farin takarda da wani farin ya kusa sa shi shiɗewa, ba raha ce kawai ba. Katin ne kaɗai ya rage mai raba su. Da ya yi iƙirarin kashe-kashensa ga lauyansa, lauyan ya ɗauka wasa ne, bai ma gane da wa yake magana ba.

Mai ba da labari a Fight Club ba shi da suna ko kaɗan. Yana bayyana kansa ta kayan ɗakin IKEA da ya tara, yana kuma zuwa tarukan masu cututtukan ajali da sunayen ƙarya, domin sai ya yi kuka a cikinsu yake samun barci. Ga inda masu nazari da yawa ke zamewa: suna ɗaukar Tyler Durden, jagoran ƙungiyar da ke cikin labarin, a matsayin maganin cutar. Ka duba abin da ake bukata ga mai son shiga ƙungiyarsa. Jerin kaya ne, baƙaƙen riguna da wanduna da takalma da kuɗin binne shi. An aske masa kai, an karɓe sunansa, ba ya samun suna sai ya mutu. An gudu daga kundin tallar kamfani an faɗa wani kundin.

Ina aka ajiye mutuwar

Ka lura da wa ke riƙe da mutuwa a labarin. A waɗannan littattafai da wuya ka ga mutum yana jinya a gida dangi sun kewaye shi. Mutuwa tana hannun likita, da kwamfuta, da kamfanin inshora, da allon talabijin inda iyalan Jack ke zama daren Juma'a suna kallon ambaliya da girgizar ƙasa suna son ƙari. Aikin mai ba da labarin Fight Club shi ne lissafa wa kamfanin mota ko biyan diyyar waɗanda suka mutu ya fi araha a kan janye motar daga kasuwa. A littafin Pynchon, wanda ya buɗe da Oedipa Maas ta dawo daga taron tallar robobin Tupperware ta tarar an naɗa ta mai kula da wasiyyar tsohon saurayinta, akwai zancen ƙasusuwan sojojin Amurka da aka kwaso daga wani tafki a Italiya aka mai da su gawayin matatar taba sigari. A duk misalan nan gawa ta zama lamba ko haja, kuma wannan shi ne ɗaya ɓangaren jadawalinka: haja tana rufe mutuwa, mutuwa kuma tana komawa haja.

Tarihi gwargwadon bukata

Sakin layi ɗaya ya isa a maƙala. An buɗe Southdale Center a jihar Minnesota a 1956, rukunin kantuna na farko mai rufi da na'urar daidaita yanayi irin na zamani. Katin bashi na BankAmericard ya fito a 1958, ya koma Visa a 1976. An fara karanta lambar haja da na'ura a wani kanti a jihar Ohio a 1974. CNN ta fara a 1980, MTV a 1981, shekarar da Ronald Reagan ya hau mulki. Haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island ya faru a 1979. Kasuwar hannun jari ta faɗi da kashi 22.6 cikin 100 a rana ɗaya, 19 ga Oktoba 1987, kuma duniyar Bateman ke nan.

Hattara da jerin shekaru. Bala'in iskar guba na Bhopal a Indiya ya auku a Disamba 1984, White Noise ya fito a Janairu 1985, an riga an gama rubuta shi. Kuskure ne a ce Bhopal ce ta haifi babi na 21. Haka nan Dylar ba habaici ba ne ga Prozac, maganin ciwon damuwa, domin hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da Prozac ba sai ƙarshen 1987.

Ra'i ya zo daga ƙarshe

Sai jadawali ya cika sannan za ka nemi ra'in da zai taimaka, kuma guda ɗaya ya isa. In gurbinka na farko cike yake da tsoro, nemi Ernest Becker. Littafinsa The Denial of Death na 1973, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1974, yana cewa ɗan Adam ba ya iya zama da sanin zai mutu tsirara, sai ya gina wani abin da zai sa ya ji ya fi ƙarfin gushewa, ko ya raɓu da wani mai ƙarfi. Da wannan za ka fahimci dalilin da Jack ya fake a bayan Hitler. In abin da ya fi yawa a wurinka hoto ne da kwaikwayo, nemi Jean Baudrillard na Faransa da littafinsa na 1981 kan kwaikwayon da ya maye gurbin asali. Ya dace da rumbun da aka fi ɗauka hoto a Amurka a babi na 3 na White Noise, wanda ba mai iya ganinsa kuma sai ta cikin hotunansa, da hukumar SIMUVAC da ke amfani da bala'in gaske don gwajin atisayenta. In kuwa tattalin arziki ne ya dame ka, maƙalar Fredric Jameson ta 1984, wadda ta zama littafi a 1991, ita ce ta ɗaure salon bayan-zamani da jari-hujjar wannan zamani.

Illar fara aiki da ra'i ita ce littafin yakan koma ma'ajiyar misalai. Akwai kuma tarko na musamman a White Noise: Murray Siskind, abokin Jack, yana magana tamkar ya haddace waɗannan ra'ayoyi, har yana kwatanta babban kanti da wurin sabunta ruhi. Ɗalibai sukan ɗauke shi kakakin marubuci. Amma a babi na 37 shi ne ya shimfiɗa wa Jack zancen cewa mai kisa yana tara wa kansa rai, kuma bayan babi biyu Jack ya harbi Willie Mink, mutumin da ke bayan Dylar. Duk maganar Murray da za ka kafa hujja da ita, ka duba inda ta kai wanda ya saurare ta.

Wajen rubutawa

Ga maƙala mai kalma 2,000 zuwa 2,500, fage uku sun isa, kuma gara a ce biyu daga littafi ɗaya suke. Ka sa iƙirarinka a sakin layi na farko, ya zama irin wanda wani zai iya musantawa. Cewa littafin yana magana kan tsoron mutuwa ba iƙirari ba ne. Cewa kowace sayayyar Jack martani ce ga wani abin da ya rage masa girma, kuma sauƙin da take bayarwa yana gajarcewa yayin da labarin ke tafiya, wannan iƙirari ne, jadawalinka zai tabbatar ko ya rushe shi. In ya rushe, sauya iƙirarin, kada ka taɓa jadawalin. Kowane abin da ka ciro daga littafi kada ya wuce layi 3 ko 4, kuma sharhinka a kansa ya fi shi tsawo.

Kada ka dogara da fim. Malami yakan gane nan da nan: abokin aikin da Bateman ya kashe Paul Owen ne a littafi, Paul Allen a fim ɗin 2000. A fim ɗin Fight Club na 1999 gine-gine sun rushe, a littafi bam ɗin bai tashi ba, mai ba da labari ya ƙare a asibitin masu taɓin hankali. Kada kuma ka rubuta kamar littattafan ba su da ban dariya, domin rabin ma'anarsu a cikin rahar take, kuma nazarin da ya murtuke fuska daga farko zuwa ƙarshe ya rasa muryar da yake nazari. Sannan ka faɗi ko Amurkar wa ake nunawa. Jack da Bateman da mai ba da labarin Fight Club duk maza ne farare masu albashi mai kauri, tsoronsu na wanda ya ƙoshi ne. Babette tana da nata tsoron, wanda ya kai ta ga ba da kanta don samun Dylar, amma ta bakin mijinta kaɗai muke jin labarin. In ka sake bin babi na 26 kana raba abin da ta faɗa da yadda Jack ya karkatar da zancen zuwa kansa, za ka sami fage na uku da maƙalarka ke bukata.